Neman shawara: liƙa ƙananan mahaɗan bututu a ɗan injin tururi, dalma ko azurfa?

ƊanPanteka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masu hannu a wannan harka. Ina da ɗan injin tururi mai silinda ɗaya da na haɗa da kaina, da 'yar tukunyar jan ƙarfe da wani aminina ya kawo mini daga waje, wadda aka rubuta mata matsin tururi 40 psi, kuma da gas nake hura ta. Abin da ya rage shi ne bututun da zai ɗauki tururi daga tukunya zuwa injin. Bututun na jan ƙarfe ne, inci 1/8. Na feƙe nipul, wato ɗan kan da ake liƙawa a bakin bututu, da notin da ke ɗaure shi, duka daga biras (haɗin jan ƙarfe da tutiya), amma wajen liƙa nipul ɗin a bakin bututu ne abin ya tsaya. Da dalmar masu gyaran rediyo yana kamawa tsaf, sai tururi ya hau ya fara tsartuwa. Da sandar masu gyaran firji kuma, ko ramin ya toshe, ko nipul ɗin ya narke ya zama dunƙule. Tambayata biyu ce: shin dalma ba za ta taɓa riƙewa ba ne, ko hannuna ne? Kuma ta yaya ake hana walda cika ramin?

MaiFirji_SabonGari:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka bar dalma, ba aikinta ba ne. Sandarmu kuwa lafiyarta ƙalau. Matsin da ke cikin na'urar sanyaya ɗaki ya ninka 40 ɗinka sau da yawa, kuma da ita muke liƙa komai, ba ya yoyo. Matsalarka wuta ce ta yi yawa. In da kabaid kake yi, ka sa ƙaramin baki ka ja da baya. Kuma ka sani jan ƙarfe da jan ƙarfe ne take kamawa ba hoda. In biras ya shigo ciki, dole sai ka sa hodar walda.

Bahaushen_Lids:
Malam MaiFirji, gaskiyarka kan hoda da kan yawan wuta, amma ban goyi bayan sandar ba. Ina cikin wata ƙungiyar masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa a nan Ingila, kuma abin da kowa ke amfani da shi a irin wannan aiki waldar azurfa ce, mai kashi 55 cikin ɗari. Tana fara narkewa a digiri 630, ta gama zama ruwa a 660. Sandar firji wadda ba azurfa a cikinta sai ta haura 700 take fara sakin jiki, ba ta gudu sosai sai ta doshi 800. Shi kuma biras yana narkewa a wajen 900. Ka ga tazarar da ta rage ba ta da yawa, ga nipul ɗin bai fi ƙwayar masara ba, ga wutar kabaid ta haura digiri 3000. Kafin ka ƙifta ido ya tafi. Abin da ya sami ƊanPanteka ke nan.

Sannan akwai babban dalili. Sandar firji tana da fosforas a cikinta, shi ne ma ke sa ta kama jan ƙarfe ba hoda. In hayaƙi mai farar wuta ya riƙa dukanta da zafi, irin na kwal, haɗin yakan ruɓe ya zama kamar soso. Masu duba tukwane a ƙungiyoyin nan ba sa sa hannu a tukunyar da aka liƙa da ita.

MaiFirji_SabonGari:
To ai ya ce da gas yake hurawa, ba kwal ba. Kuma bututun waje yake magana, ba cikin tukunya ba. Mu yi magana kan abin da mutum zai samu a kasuwarmu.

Bahaushen_Lids:
Haka ne, na yarda a bututun waje da wutar gas ba za ta ruɓe ba. Inda na tsaya shi ne ta fi wuyar sarrafawa a ƙaramin abu, kuma haɗinta bai kai na azurfa jure lanƙwasa da girgiza ba. Wanda ya ƙware kamarka zai iya. Mai koyo zai yi ta asarar nipul.

Sabon_Shiga:
Ina bibiya. Ni ma irin wannan injin nake son farawa.

MalamaKimiyya:
Bari in amsa tambayar farko, don naga an wuce ta da sauri. ƊanPanteka, ba hannunka ba ne. Dalmar rediyo haɗin kuza da dalma ce, kuma tana fara narkewa a digiri 183. Mutum zai ce ai ruwa a 100 yake tafasa, da sauran nisa. To a rufaffiyar tukunya ba haka lissafin yake ba, domin matsi na hawa zafin tafasa na hawa. A 40 psi tururinka yana wajen digiri 141. A 60 psi ya kai 153, a 100 psi kuma 170. Ita kuwa dalma tun kafin ta narke take rasa ƙarfinta, ta riƙa janyewa a hankali ƙarƙashin nauyi. Da ka ɗaure noti, jan da yake yi wa nipul ɗin a kan dalmar yake sauka, sai ta saki kaɗan kaɗan har tururi ya sami hanya. In kuma ruwa ya ƙare a tukunya wuta na ci, zafin zai wuce 183 nan da nan.

Wani abu mai muhimmanci: duk bututu ko nipul ɗin da dalma ta taɓa, kada ka kai shi wutar azurfa. A wannan zafin dalmar shiga take cikin ƙarfen ta ci shi, haɗin kuma ya zama mai gautsi. Ka yanke bakin bututun da ya taɓa dalma ka yar, ka feƙe sabon nipul.

ƊanPanteka:
Malama na gode. Wannan na ƙarshen ban san shi ba, kuma a kan bututun da ya sha dalma na gwada sandar firjin. Zan yanke.

Ɗalibin_Poli:
Amma na ga ƙananan injinan wasan yara na Turai, irin su Mamod da Wilesco, kamar akwai dalma a wasu bututunsu. Su me ya sa ba sa yoyo?

Bahaushen_Lids:
Matsinsu kaɗan ne ƙwarai, ba ya kusa da 40, don haka zafin ma bai kai ba. Ko su ɗin, in yaro ya bari ruwa ya ƙafe, wajen liƙin ne ke fara saki.

MaƙerinFari_Damagaram:
Salamu alaikum. Ni ban taɓa yin injin tururi ba, sana'ata zobe da awarwaro da 'yan kunne, gadonmu ne. Amma liƙa ƙaramin abu da azurfa shi ne abincinmu kullum, don haka bari in sa baki kan toshewar rami.

Yaro, walda ce ka ke sa wa da yawa. Mu ba ma kai sanda bakin wuta a ƙaramin aiki. Bugunta muke a kan uwar maƙera har ta yi fale-fale, mu yanka ta gutsi-gutsi da almakashi, kowane bai kai ƙwayar gero ba. Sai a goge wurin haɗi ya yi fes, a dama sinadari, wato hodar waldarmu, da ɗan ruwa ya yi kauri, a shafa, a ɗauki gutsure ɗaya ko biyu da tsinke a ajiye daidai bakin haɗin. Wuta kuma a fara ta daga nesa har ruwan sinadarin ya bushe, in ba haka ba zai tafasa ya watsar da gutsuren. Za ka ga ya kumbura ya yi fari, sannan ya kwanta, sannan ya koma garau kamar ruwa. To a nan ne lokaci ya yi. Ƙarfen zai yi ja kaɗan, irin jan da ba ka gani sosai sai a inuwa, sai ka ga azurfar ta yi walƙiya ta zagaye haɗin da kanta. Ɗauke wuta a take. Kada ka ƙara ko daƙiƙa.

Kuma ka yi aikin a inuwa ko cikin shago. A tsakar rana ba za ka ga jan ba sai ka riga ka wuce.

Bahaushen_Lids:
Baba Maƙeri, Allah ya ƙara girma. Wallahi abin da dattawan ƙungiyarmu ke koyarwa ke nan, ba ragi ba ƙari. Bambancin kawai su sukan sayi azurfar a matsayin siririyar waya, rabin milimita, su naɗa ta a jikin bututun ta zama zobe ɗaya, su tura zoben ya zauna a kan nipul. Zobe ɗaya ya isa bututun inci 1/8. Kuma harshen wuta ba ya taɓa waldar. Ƙarfen ake gasawa, shi ne zai narkar da ita. In wuta ce ta narkar da ita kafin ƙarfe ya yi zafi, dunƙulewa za ta yi ta zauna a sama. Azurfa zafi take bi, don haka a sa wutar a gefen da ake son ta gangara.

MaiJuyi_Kano:
Duk abin da aka faɗa kan wuta daidai ne, amma ni ina ganin rabin matsalar tun daga kan injin juyi ta faro. ƊanPanteka, yaya ka huda nipul ɗin? Rami ɗaya ka zarce da shi daga baya har gaba?

ƊanPanteka:
E, Oga. Rami ɗaya ne, bututun na shiga har ya leƙo ta gaba, kuma sai na ɗan buga yake shiga.

MaiJuyi_Kano:
To ga ta nan. Abu biyu ne. Na farko, rami hawa biyu ake yi. Ka fara huda siriri ya zarce, daidai da cikin bututun, a ce milimita 2. Sannan ta baya ka buɗe shi da babban diril zuwa zurfin milimita 3 ko 4 kawai, ya bar kafaɗa a ciki inda bakin bututun zai tsaya. In bututu ya leƙo ta gaba, walda za ta biyo shi ta hau kan tsinin da ke gaban nipul ɗin, tsinin kuma shi ne ke rufe tururi. Ko ɗigo ɗaya ya hau kansa ya lalace.

Na biyu, ba a matse shi. Walda tana bukatar 'yar hanya da za ta tsotsu ta shiga. Inci 1/8 milimita 3.175 ne. Ka huda da diril 3.3, wanda ake huda ramin zaren M4 da shi, ko'ina akwai shi. Zai bar maka kusan 0.06 kowane gefe, daidai abin da azurfa ke so. In ka matse, ba ta da wurin shiga, sai ta taru a waje ko ta gangara cikin rami. In ka sake da yawa kuma ba za ta cike ba.

Tsinin nipul digiri 60 ake yi. Dalili mai sauƙi ne: santa diril digiri 60 yake yankawa, don haka da shi za ka yi mazaunin a ɗaya ɓangaren, su haɗu daidai. Ka feƙe tsini da rami duk a ɗauri ɗaya, kada ka kwance sandar daga injin sai ka gama ka yanke, in ba haka ba ba za su zo a tsakiya ɗaya ba. Bakin bututun kuma ka gyara shi da magagari ya miƙe, ka cire ƙaiƙayin ciki.

Sai abin da kowa ya sani amma ake mantawa: zura noti a bututu kafin ka liƙa, ka tabbata zarensa na kallon nipul, ka tura shi can nesa da wuta ka ɗaure da 'yar waya kada ya gangaro.

Ɗalibin_Poli:
Oga MaiJuyi, wane zare ya kamata a yi wa notin?

MaiJuyi_Kano:
Wanda kake da tap da dai ɗinsa, wato abubuwan yanka zaren ciki da na waje. Ni da M6 mai taki 0.75 nake yi wa bututu irin wannan. M6 na kasuwa mai taki 1 ya yi gwaɓi, yana cin naman notin.

Bahaushen_Lids:
A nan sai an yi hattara, domin tukunyar daga waje ta zo. In ta Ingila ce, kusan tabbas zarenta ME ne, wanda ya samo sunansa daga mujallar masu wannan sana'a da aka fara bugawa a 1898. Zare 40 ko 32 ne a kowane inci, kuma kusurwarsa digiri 55 ce irin ta zaren Ingila na Whitworth, ba 60 irin ta mita ba. Wanda aka fi gani a ƙananan tukwane shi ne inci 1/4 mai zare 40. Faɗinsa milimita 6.35, takinsa 0.635. M6 zai shiga ramin ya yi kamar ya kama, ya ɗan juya, sai ya ci zaren. In ka lalata zaren da ke jikin tukunya, gyaransa babban aiki ne. ƊanPanteka ka auna kafin ka ɗaura komai. In ta Jamus ce to mita ce, ka huta.

ƊanPanteka:
Na gwada da bawul ɗin da ya zo da ita, na ƙirga zaren a kan rula. 40 ne a inci. Ke nan sai na nemo tap da dai na ME, ko in yi mahaɗi mai ME a gefe ɗaya, mita a ɗayan.

MaiJuyi_Kano:
In injinka na yanka zaren inci, 40 ba wuya. Ka wasa bakin wuƙar zuwa 55 kawai.

BabaReluwe:
Ku yi haƙuri da tsoho zai ɗan kauce. Wannan hira ta tuna mini da mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi aikin reluwe a Zariya zamanin jirgin kwal. Yaran yanzu ba su san cewa tururi ne ya kawo jirgi Kano a 1911 ba, ko cewa akwai wani siririn layi da ya tashi daga Zariya ya hau Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957. Kuzar nan da Malama ta ce tana cikin dalmar rediyo, ita ce jirgin ke saukowa da ita. Abin da na fi tunawa shi ne ɗakin direba cike yake da bututun jan ƙarfe da famfunan tagulla, kuma kullum ana goge su. Mahaifina yakan ce duk bututun da ya daɗe yana girgiza sai ya taurare, in ba a cire shi an gasa ba wata rana zai tsage a gindin noti. Ban sani ba ko ƙananan naku ma haka suke.

MalamaKimiyya:
Amin Baba. Haka suke. Jan ƙarfe yana taurara duk lokacin da aka lanƙwasa shi ko aka buge shi. Maganinsa a gasa shi ya yi ja kaɗan a bar shi ya huce, ko a tsoma a ruwa, duka ɗaya ne a wajensa, ba kamar baƙin ƙarfe ba da tsomawa ke ƙara masa tauri. ƊanPanteka, kafin ka lanƙwasa bututunka ka gasa shi, ka lanƙwasa a jikin wani abu mai zagaye, in ka ji ya fara gardama ka sake gasawa.

MaiFirji_SabonGari:
Ko ka zura shi cikin sifirin, kamar yadda muke yi, ba zai ƙulle ba. Wasu na cika shi da busasshen yashi su toshe bakin. Amma in da yashi ka yi, ka wanke sosai, ƙwaya ɗaya ta shiga silinda ta gama da shi. Kuma in a tsohon firji za ka ciro bututu, ka wanke man da ke ciki kafin ka kai wuta, hayaƙin ragowar gas ɗin guba ne. Siririn nan mai kamar waya kuma bar shi, raminsa ya yi ƙanƙanta, injin ba zai sami tururi ba.

Sabon_Shiga:
Tambaya don Allah. Ba za a iya naɗa farin tef ɗin masu famfo ba a huta da duk wannan?

MaiJuyi_Kano:
A mahaɗi mai tsini ba zare ke rufe tururi ba, tsinin ne. Noti matsawa kawai yake. In yana yoyo, tsinin ne bai zauna ba, tef ba zai gyara ba. A inda bawul ke shiga jikin tukunya kana iya sa kaɗan, amma wosha ta jan ƙarfe da aka gasa ta fi, don guntun tef na iya shiga ya toshe hanya.

MaƙerinFari_Damagaram:
Na ga ana ta cewa azurfa ba ta samuwa. Mu ai da kanmu muke haɗa tamu tun kakanni. Azurfa ce ake narkawa da ɗan biras, gwargwadon yadda ake son ta yi saurin gudu. In yaron nan ya je wajen maƙeran fari na garinsu da ladabi, za su yanka masa abin da zai ishe shi nipul ashirin, kuɗin ba zai taka kara ya karya ba.

MalamaKimiyya:
Baba, asalin haɗin ɗaya ne da na kamfani: azurfa, jan ƙarfe da tutiya, wani lokaci da ɗan kuza. Damuwata biyu ce. Biras ɗin da ake feƙewa a injin juyi yawanci akwai dalma kusan kashi 3 cikin ɗari a cikinsa don ya yanku da sauƙi, kuma ba a son ta cikin walda. Na biyu ya fi tsanani, kuma ya shafi sandunan kasuwa marasa suna. Tsofaffin sandunan azurfa da yawa akwai kadmiyom a ciki, saboda yana sa su narke da wuri su gudu da kyau. Hayaƙinsa yana lalata huhu da ƙoda, ya taɓa kashe masu walda a rufaffen wuri. Tarayyar Turai ta hana sayar da su tun ƙarshen 2011, amma ba duk duniya aka daina yi ba. In sanda ba ta da takarda, ka ɗauka akwai, ka yi aiki a fili iska na kaɗawa daga bayanka, kada ka sunkuya a kai. Ita ma hodar walda ta zamani akwai fuloraid a ciki, ba a shaƙa, a wanke hannu kafin a ci abinci.

MaƙerinFari_Damagaram:
Malama, mu jan ƙarfe da biras ɗin da muka sani muke sawa, ba kowane tarkace ba. Amma maganar iska gaskiya ce, na ga masu tari a sana'ar nan.

Bahaushen_Lids:
Ƙari kan hoda: boraks zalla sai wajen digiri 740 yake narkewa, wato azurfa mai kashi 55 za ta riga shi. Shi ya sa ake sayar da hoda ta musamman da ke fara aiki tun ƙasa da 600. In boraks kaɗai ke hannunka, zai fi dacewa da haɗin da ke bukatar zafi sosai, irin wanda nake zaton su Baba Maƙeri ke yi. Kuma maimakon kabaid, ɗan tocin gas na gwangwani ya ishi wannan aiki, ya fi sauƙin riƙewa. Ka jingina aikin da bulon wuta mara nauyi don ya maido zafi. Kada ka riƙe kusa da haɗin da filaya ko ka ɗaure a bais, za su shanye zafin.

ƊanPanteka:
'Yan uwa ga rahoto. Na feƙe sababbi yadda Oga MaiJuyi ya ce, hawa biyu da diril 3.3. Na samo 'yar azurfa wajen wani maƙeri, na yanka gutsi-gutsi yadda Baba ya koyar, na yi da tocin gas da yamma a tsakar gida. Alhamdu lillahi ta zagaye tsaf, na hura iska ta wuce, rami a buɗe. Sai dai abu biyu. Hodar ta daskare a jiki kamar gilas, da ƙyar take fita. Kuma da na jiƙa a ruwan batir don hodar ta fita, biras ɗin ya fito ja-ja, ba rawaya ba. Na ɓata shi ne?

MalamaKimiyya:
Masha Allah. Ba ka ɓata ba. Jan nan a fata kawai yake: ko zafi ya ƙone tutiyar saman ya bar jan ƙarfe, ko ka tsoma da awartakin baƙin ƙarfe, wanda ke sa jan ƙarfen da ya narke a ruwan ya koma ya manne a jikin aikin. Goge shi kaɗan zai dawo. Ka riƙa ɗauka da tsinken itace ko wayar jan ƙarfe. Amma don Allah ka bar ruwan batir, haɗarinsa ya fi amfaninsa a gida mai yara. Hodar tsami ta masu yin lemo da alewa, wato sitirik asid, cokali biyu ko uku a kofin ruwan ɗumi, tana yin aikin, sai dai ta fi ɗaukar lokaci. Kuma ka bar aikin ya huce tukuna, kada ka jefa shi da zafinsa. Bayan nan ka ɗauraye ciki da waje.

MaƙerinFari_Damagaram:
Ko jiƙon tsamiya, ko lemon tsami da gishiri. Da su muka tashi.

MaiFirji_SabonGari:
Barka. Amma ni har yanzu ina nan kan bakata, da ka rage wuta ka sa hoda, da sandarmu ma ta yi. Gyaran ramin ne ya cece ka, ba azurfa ba.

MaiJuyi_Kano:
A nan kam ina bayan MaiFirji rabi.

Bahaushen_Lids:
Wataƙila, amma da tocin gwangwani ba lalle ya kai zafin sandarku da sauƙi ba. ƊanPanteka, tunda ka fara yin kayanka, ga wani abu kafin ka zarce. Biras ya yi a noti da nipul da duk abin da tururi kaɗai ke bi. Amma duk abin da zai zauna cikin ruwan tukunya, ko bushi, wato mazaunin zare da za a liƙa a jikinta, da tagulla ake yi, wato haɗin jan ƙarfe da kuza. Ruwan zafi yana tsotse tutiyar biras a hankali, abu ya zauna da siffarsa amma cikinsa ya ruɓe, ranar da ka sa sifana ya karye. Sannan kafin ka hura wuta ka gwada da ruwa: ka cika komai taf ba iska, ka matsa da famfon hannu. A nan sabuwar tukunyar jan ƙarfe ninki biyu na matsin aikinta ake kai ta, gwaje-gwajen baya kuma ɗaya da rabi. Taka ba sabuwa ba ce, don haka 60 ya isa. Ruwa in ya sami hanya ɗiga kawai zai yi. Kada ka taɓa gwadawa da iskar kwamfiresa.

BabaReluwe:
Haka ake yi wa manyan ma, da ruwa ake gwada su. Kuma yaro kada ka taɓa ɗaure bawul ɗin tsaro don injin ya ƙara gudu.

ƊanPanteka:
In sha Allah Baba. Yanzu famfon hannun nake son yi, da bawul mai ƙwallo da zai hana ruwa komowa. Shi jikinsa gida biyu ne da za a liƙa, ga kuma reshe a gefe. In na zo liƙa na biyu, na farkon ba zai narke ba?

Bahaushen_Lids:
Hanya biyu ce. Ko ka fara da sanda mai ƙarancin azurfa, wadda ke bukatar zafi sosai, ka gama da mai kashi 55. Ko ka jera komai ka liƙa a wuta ɗaya. A gaskiya ma haɗin da ya riga ya kama yakan bukaci zafi fiye da na farko kafin ya sake narkewa, don haka in ka shafa masa hoda ka yi sauri, yawanci ba ya motsi. Inda ba ka son azurfa ta je, kamar kan zare, ka goga fensir sosai. Mazaunin ƙwallon kuma sai bayan ka gama wuta za ka gyara shi, ka ɗora ƙwallo ka ɗan buga sau ɗaya, ka cire wannan ka sa sabo wanda ba ya tsatsa.

MaiFirji_SabonGari:
Ka ga inda sandarmu za ta yi amfani ke nan. Ka yi na farko da ita tunda ta fi jin wuta, na biyu da azurfa.

MalamaKimiyya:
Wannan bawul ɗin a jikin tukunya zai zauna, kusa da wuta, Malam MaiFirji. Ni dai ba zan sa ba.

MaiJuyi_Kano:
Ni kuma da zan yi, daga dunƙulen tagulla ɗaya zan feƙe jikin, reshen kaɗai zan liƙa, kuma in yi masa ɗan zare ya riƙe kansa kafin wuta. ƊanPanteka, ƙwallon da kake da shi milimita nawa ne? Daga nan za mu san ramin da za ka huda.

Ɗalibin_Poli:
Kafin ya amsa, wa ya san inda ake samun sandar azurfa mai takarda a Kano ko Kaduna? Masu kayan firji da na tambaya duk a kwance suke sayarwa, ba kwali.